Muryar Yaya a Zauren Taro

Minti goma aka ba Injiniya a taron fasahar zamani. An rubuta taken taron ɓaro-ɓaro a bango: ilimi na kowa ne, a buɗe shi. Shi kuwa ya zo da manhajar da ya ƙirƙira, mai mayar da magana rubutu.

Da saƙonnin muryar da ke wayarsa ya koyar da ita, guda ɗari takwas, na 'yan uwa da na abokai. Tun da safe ya ɗora su duka a intanet, kyauta, mai so ya kwasa.

Wata mata a kujerun baya ta ɗaga hannu. "Masu muryoyin sun sani?"

"Ai na cire sunaye," ya ce. "Faɗi kowace lamba ki gani."

"Ɗari biyu da sha biyu."

Ya danna. Sai muryar yayarsa ta cika zauren: "Auta, na koma wajen likitan ƙwaƙwalwa, ya ƙara min magani. Don Allah ko Mama kada ta ji."

Rubutun ya fito a allo, babu kuskure ko ɗaya. Aka tafa. Ya tsaya riƙe da makirfo, ya ji bakinsa yana cewa na gode.

Ashe ana haska taron kai tsaye. Yaya malamar 'yan nazare ce, ajin ƙananan yara, shekararta tara tana koyarwa. Kafin la'asar wata uwa ta gane muryar, ta yanko wajen, ta tura zauren da iyayen yara ke hira a waya. Bayan kwana uku, shugabar makaranta ta kira Yaya ofis.

"Ba korarki muka yi ba, Malama. Iyaye ne. Ki dai je ki huta."

Injiniya ya goge saƙonnin daga intanet. Mutum ɗari uku da wani abu sun riga sun sauke.

Ya sami Yaya zaune a ƙasan falonta, tana jera zanen yara a kwali.

"Yaya, wallahi na cire suna."

"Muryar fa? Kullum da ita nake gaida iyayensu a bakin ƙofa." Ko kai ba ta ɗago ba. "Zauna mana, babban injiniya. An tafa maka?"

"An tafa."

"To, madalla. Mama ma ta ji. A bakin maƙwabciya."

Ya jira zagi, ya jira kuka. Babu ko ɗaya. Ta rufe kwalin, ta ce ya ja mata ƙofa idan zai fita.

Yau wata bakwai. Tana amsa gaisuwarsa, tana zuba masa abinci in ya je. Lafiya lau kawai take ce masa.

Jama'a, buɗe ilimi alheri ne, amma abin da ka mallaka shi za ka buɗe. Maganar da wani ya ba ka amana ba taka ba ce: tambayi mai ita kafin ka ɗora, don abin da ya hau intanet ba ya dawowa.