Ɗanwaken Azumi

Tun da aka daina aiken baki a garin nan, waya ce ke zaɓa wa kowa labarin da zai fara gani. Wanda ka fi leƙa, shi take ɗora maka a sama.

To Goggo Tabawa, Allah ya yi ta da son jin ƙwaƙwaf. Kullum idonta na kan Hajiya Dudu da ba sa ga-maciji, tana ƙirga mata zannuwa. Waya kuwa ta ɗauka Dudu ce masoyiyarta.

Ran Talata da hantsi sai ga saƙon aminiyarta Azumi: “Tabawa, na yi ɗanwake, zo da langarki.”

Ta yafa mayafi, ta ɗauki langa ta tafi. A ƙofar gidan ta tarar da tabarmi, maza sun yi jugum. Ta kutsa ciki, ta ci karo da Lantana, ’yar Azumi.

“Ke, ina uwar taki? Ɗanwake ta kira ni.”

Lantana ta dubi langar. “Goggo, yau fa sadakar bakwai ɗinta ake yi. Wannan ɗanwaken tun kafin azumi ne. Tana kwance tana ta aiko miki, har ta ce ko fushi kike.”

“Fushin me? Ɗazun nan fa ta yi magana!”

Wayar ta yi ƙara a ƙugunta. Ta zaro. Dudu ce ta sayi sabon leshi. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: saura saƙo tara daga Azumi, za su zo idan layinsu ya yi.

Goggo ta tsaya riƙe da langa, ta rasa ko yau za ta yi kukan, ko ta jira wayar ta gaya mata.