Kowa Gwargwadon Ƙarfinsa

"Har yanzu?" Oga ya daka min tsawa. "Kwamfuta goma sun taru a kan lissafi ɗaya, tun safe sun kasa?"

Tara sun gama tuntuni. Ta goman, tsohuwa tukuf, tana ta jan ƙafa, sauran na zaman jiranta.

Na haɗiye takaici. "Ranka ya daɗe, rabon daidai wa daida ne ya cuce mu. A ba kowacce gwargwadon ƙarfinta."

Na rage wa tsohuwar kaya, na ƙara wa masu sauri. Kafin shayinsa ya huce, sakamako ya fito.

Oga ya jinjina kai. Ya kwashe takardun teburin ƙanin matarsa da ke gyangyaɗi, ya jibge a gabana.

"Kai ne mai saurinmu. Bismillah."