Shayin da Ba a Gaya wa Likita Ba

Ghali direban wani sito ne a unguwar Sulay ta birnin Riyad, amma a ɗakinsu ba mai kiransa da sunansa. Lokotoro suke ce masa, wato likita, sunan da 'yan Nijar ɗin ɗakin suka laƙaba masa, don ba ka isa ka yi atishawa a gabansa ba sai ya zaro waya ya karanto maka magani. Sunan kuwa daɗi yake masa, tunda shi kaɗai ke jin Turanci da Larabci sosai a cikinsu.

A gadon da ke ƙasan nasa Jibirilla ke kwana, wani dattijo ɗan Magarya ta Nijar mai lodin kaya. Shi ya karɓi Ghali ranar da ya sauka Riyad, shi ya koya masa yadda ake lallaɓa kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zaman mutum a ƙasar. Don haka da jini ya daskare wa Jibirilla a ƙafa, asibiti ta ɗora shi a kan ƙwayar tsinka jini, Ghali ya ji abin har ransa.

Ana cikin haka sai wani injiniya ɗan China ya zo gyaran na'urar sito, yana yawo da gora cike da jan ruwa. Ghali da bin diddigi, bai bar mutumin ya huta ba sai da ya nuna masa wata busasshiyar jar saiwa, ya ba shi ƙunshi guda. Ya ɗauki hoton sunanta ya bincika a waya. Kan labarin ya ce masana sun yi bincike, sun ga saiwar tana taimaka wa gudun jini. A nan Ghali ya tsaya. Rubutun da tsawo, shi kuwa ya riga ya samu abin da yake nema.

"Yaya, Allah ya kawo mana sauƙi," ya ce da Jibirilla. "Wannan ba irin na 'yan tallan kasuwa ba ne, masana ne suka gwada."

Tun daga ranar, kowace safiya sai ya dafa ya miƙa masa kafin su fita. Da Jibirilla ya fara ganin jini a asuwakinsa, Ghali ya ce mataccen jini ne ke fita, alamar waraka ce.

Ranar awon jini tare suka je, don Ghali ne tafinta. Likitar ta dubi sakamakon ta yamutsa fuska, ta ce jinin ya tsinke fiye da kima. Ta tambaya ko yana shan wani abu daban, ko da ganye ne ko saiwa.

Da Ghali ya fassara, Jibirilla ya taɓa shi. "Ƙanena, gaya mata shayin nan naka."

"Haba Yaya, shayi ne fa, ba magani ba. Su likitoci da sun ji ganye sai faɗa." Gaskiyar magana, kunya yake ji a dizga shi a gaban mai kiransa Lokotoro. Ya juya wurin likita ya ce da Larabci, "Mafi. Ba komai."

Ta rage ƙwayar, ta sa musu ranar dawowa. Ghali ya fito yana murna, a ganinsa saiwar ce ta fara kore maganin asibiti. Washegari ya ƙara yawan abin da yake dafawa.

Ba su kai ranar komawar ba. Wata azahar Jibirilla ya sunkuya zai ɗaga kwali, ya dafe kai, ya zube. Jini ne ya tsinke masa a ƙwaƙwalwa.

A asibiti, da likitar ta sake tambaya, Ghali ya ciro ragowar ƙunshin ya miƙa mata. Ba ta yi masa faɗan da yake tsoro ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi binciken gaskiya ne, saiwar tana aiki, aikin nata ne ma ya haɗu da na ƙwayar suka yi yawa. Da ta sani tun ranar, da ta hana. A bakin ɗakin jinyar ya buɗe shafin nan a wayarsa ya gangara. Kaɗan ƙasa da inda ya tsaya, ga gargaɗin ɓaro-ɓaro: kada mai shan maganin tsinka jini ya kusance ta.

Jibirilla ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Mai lodi ba hannu ba shi da wurin zama, sai kafili ya buga masa takardar barin ƙasar gaba ɗaya. Ghali ne ya yi jinyarsa, yana ba shi abinci a baki, kowace loma tana ci masa rai. Ko a waya ya kasa gaida Sahadatou, matar Jibirilla, wadda kullum godiya take aiko masa.

Ranar tafiya yana ɗaure masa jaka, Jibirilla ya ce da harshensa mai nauyi, "Lokotoro, in da sauran saiwar, saka mini. Ko ta tayar da hannun nan."

Ghali ya durƙusa gaban keken guragun da yake zaune a kai, ya gaya masa komai yana hawaye. Dattijon ya daɗe yana kallon hannunsa da ke yashe a cinya.

"Lafiya ka so mini, ƙanena, na sani. Na yafe maka," ya ce. "Amma ranar da ta tambaya, jikina ne. Da ka faɗa mata abin da na ce."

Har yau Ghali yana Sulay yana tuƙi, gadon ƙasa wani ke kwana a kai. Ya roƙi 'yan ɗakin su daina kiransa da wancan sunan.

Mai karatu, ganye da saiwa magani ne, na China ko na gida, kuma duk abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Kada kan labarin bincike ya mai da kai likita, kada kuma ka ɓoye wa likita abin da ake sha, ko da shayi kake kiransa.