Kumfar da Ba Ta Fashe Ba

Ta riga ta ɓalle murfin kwalbar giyar shamfen ta murnar kammala digirinta sa'ad da mahaifiyarta ta kira.

"'Yar lele, ba za mu samu zuwa ba, ƙaninki na da wasan ƙwallo. Ai digiri ba ya guduwa, ko?"

"Ba komai, Mama. Gidan ma cike yake."

Ta dubi kujerun aro, babu kowa a kansu. Shekaru ta yi tana wanke kwanukan gidan abinci tana karatu, ga shi giyar murnarta za ta salance kafin gobe. Ta ƙi yarda. Ta narkar da garin jeli mai daskarar da ruwa, ta bari ya huce, ta tsiyaya giyar a cikinsa a hankali don kada kumfar ta tsere. Ta cika ƙananan kofuna, ta jera a firji.

Washegari tsohuwar maƙwabciyarta ta zo karɓar kujerunta, ta tarar da firjin a buɗe, cike da kofuna.

"Ke 'yar nan, bataliyar soja kika gayyato?"

"Baƙuwa ɗaya ce, Kaka, amma kullum za ta zo."

Ta nuna kanta, sannan ta ɗaga kofi ɗaya a hasken taga. Kumfar na nan cikin daskararren jelin, tsaye cak a hanyarta ta zuwa sama, ba ta fashe ba.