Mai Igwar Kan Tudu

Harsashin ya faɗo tsakiyar sansanin, ya karya ƙafar alfadari, ya nutse cikin ƙasa. Bai fashe ba.

"Ga wata kabewar kuma!" in ji Kofur Sabino, yana dariya da fasassun leɓɓa. "Mutanen tsaunukan Rif sun ƙwace mana igwa, amma ɗana kan harsashi ya gagare su."

Saje Fulgencio bai yi dariya ba. Igwar da ke harbinsu daga kan tudu tasu ce, ta sojan Sifaniya. An ƙwace ta ranar da aka yi wa 'yan igwansu, artilleros, yankan rago a kwari, ba wanda ya dawo. Cikinsu har da Amadeo, mijin Remedios ƙanwar Fulgencio, wadda ta riƙe hannun angonta a tashar jirgin ruwan Malaga har sai da aka ɓamɓare yatsunta.

Kullum Fulgencio yana hango mai harbin ta madubin hangen nesa. Dogo ne, sanye da jallabiya mai hula. In aka yi masa ruwan wuta abokansa su watse bayan duwatsu, shi ko ya tsaya ƙyam jikin igwar.

"Ɗan banzan nan ya raina mu," in ji Sabino. "Saje, harsashinmu ɗaya ya rage. Ka adana shi."

"Na dogon nan ne," in ji Fulgencio.

Ya durƙusa gindin tasu igwar, ya auna, ya gyara, ya sake aunawa. Ya kira sunan ƙanwarsa a hankali, ya ja igiya.

Tudun ya yi aman wuta. Da hayaƙi ya yaye, igwar tana nan, amma dogon ya rabu biyu. Sojoji suka rungume Fulgencio, wasu har da kuka.

Da rana ta take, igwar kan tudu ta sake magana. Wannan karon harsashin ya fashe. Ya ɗauke Sabino daga ƙugu zuwa sama, ya watsa jininsa cikin randar ruwansu ta ƙarshe. Na biyu ya rushe katanga a kan masu rauni.

Sai wata murya ta gangaro daga tudun, cikin gurɓataccen Sifaniyanci.

"Kai mai igwa, mun gode! Sai yau da muka ɗana harsashi da kanmu muka gane cutarmu dogon nan yake yi. Naku ne, mu muka ɗaure shi da sarƙa a ƙafar igwar. Wace ce Remedios? Ita ya yi ta kira."