Eriyar da Ta Kurmance a Gwaram

A kwamfuta, eriyar da Abdulsalami ya zana don bin sawun shanu ba ta da makusa. Ba ta fi farcen babban yatsa ba, tana manne da ɗan allon da ke ƙara mata ƙarfi, kuma lissafi ya nuna saƙonta zai kai kilomita goma daga wuyan saniya. Babu abin da bai saka a gwajin ba: zafin rana, jikin dabbar, har kaurin fatar da za a ɗinke ta a ciki, tunda eriya ba ta shiri da ƙarfe.

Amma da an kai ta Gwaram sai ta kurmance. Saniya na tsaye a gabanka, waya na cewa ba ta gan ta ba.

Ƙungiyar makiyayan da ta ba shi aikin ta ba shi wa'adi zuwa Juma'a. In na'urar ba ta yi magana ba, aikin ya koma hannun wasu 'yan Kano.

Shi kuwa Abdulsalami ba ya laifi, sai dai a yi masa. Shi ke zane, abokin aikinsa Kingsley ke haɗa allunan a shagonsu na Birnin Kudu, mahaifinsa Baba Safiyanu baduku ya ɗinke su a Gwaram, yana ɗinki yana sa albarka. To wa za a zarga in ba Kingsley ba? Ga shi an gan shi sau biyu yana shan shayi da 'yan Kanon nan.

"Me suka yi maka alkawari?" Abdulsalami ya tambaye shi a shago.

Kingsley ya ajiye allon da ke hannunsa. "Shekara tara muna cin tuwo kwano ɗaya, Abdul. Kawo ɗaya daga Gwaram mu farke mu auna."

"Don ka ɓatar da shaida? Ajiye min makullina."

A gaban maƙwabta Kingsley ya fice. Washegari aka ce ya bi motar Jos da iyalinsa. Abdulsalami ko a jikinsa, har da cewa Allah ya raka taki gona.

Da hannunsa ya haɗa sababbi, ya auna, suna aiki ras. Ranar Alhamis ya kai wa mahaifinsa, ya zauna a gefe yana ta zagin maci amana.

"Ai tun farko na san za a yi maka hassada," in ji Baba Safiyanu. Ya jawo wata 'yar laya naɗe da gwangwani, ya kwantar da ita daidai kan eriyar da zai ɗinke. "Shi ya sa ban taɓa ɗinke ko ɗaya ba sai na sa mata wannan."