Mai Hoton da Ke Mayar da Kamunsa Ruwa

An yi wani mai ɗaukar hoto a wani gari na bakin kogi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin gidajen biki da na suna da kyamara rataye a wuya. Da girma ya zo masa, matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watsu cikin birane, sai ya ji fuskokin mutane sun ishe shi. Ya koma ɗaukar ƙasar Allah: duwatsu, fadama, gajimare, da wata kwanar kogi inda giginyu uku ke tsaye a kan gaɓa. Mutanen gari suka ce tsufa ne ya taɓa shi, in ba haka ba wa zai ɗauki hoton da babu kowa a ciki? Ba mai raka shi, ba mai tambayarsa. Da ya idar da sallar asuba sai ya saɓa ƙafar kyamararsa a kafaɗa kamar fartanya, ya bi cikin raɓa shi kaɗai.

Abin da ya ɗaure shi a wannan kwanar kogin kuwa, wata safiya ce ta ƙarshen damina. Rana ta keto ta tsakanin giginyun, ruwa ya yi ja kamar an narkar da tagulla, belbelu suna wucewa ƙasa-ƙasa. Ran nan kuma ya bar kyamarar a gida. Tun daga lokacin yake farautar wannan safiyar. Kullum sai ya ɗauki hoto ashirin ko talatin, ya zauna a kan saiwar tsamiya ya duba, ya ga babu wanda ya kama ƙafar wancan na cikin kansa, ya goge su duka. Shekara biyu yana komawa gida hannu wofi, ya dafa shayinsa, ya sha, ba wanda zai ce wa ga abin da ya gano. Sannu a hankali zuciyarsa ta fara sanyi. Ya soma fashin kwana ɗaya, na kwana uku, har ya ƙudura cewa in Juma'a ta zo zai naɗe kyamarar a tsumma ya tura ta ƙarƙashin gado, a huta.

Ranar Alhamis ya je yi wa wurin sallama, ya tarar da wani tsohon masunci, baƙo, irin masu bin ruwa duk inda ya yi, ya ɗaure kwale-kwalensa yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Tsohon ya zuba masa ido har ya gama ɗauka, sannan ya nemi a nuna masa. Mai hoto ya ce ya riga ya goge, ya gaya masa dalili. Tsohon ya yi dariya har ya ajiye allura.

"Ashe kai ma masunci ne, malam, sai dai irinka ban taɓa gani ba. Ka kama karfasa ka mayar ruwa don ba giwan ruwa ba ce? To da me za ka kwana?"

Washegari kwale-kwalen ya yi gaba, ba su ƙara haɗuwa ba. Amma mai hoto bai nemi tsumma ba. Ya samo duwatsu uku ya binne daidai inda ƙafafun kyamara ke tsayawa, don kada wurin ya sauya masa, ya kuma kafa wa kansa doka: hoto ɗaya kowace safiya, ba dubawa, ba gogewa. Dokar ta yi masa nauyi. Akwai ranakun da sama ke wayewa kamar jiƙaƙƙiyar toka, yatsansa na ƙaiƙayin gogewa, ya cusa hannun a aljihu. Akwai ranar da zazzaɓi ya kama shi, ya je lulluɓe da bargo, ya danna, ya dawo. Ranar kasuwa yakan kai a wanke masa, ya karɓo a ambulan, ya jefa cikin wata tsohuwar kwalla ba tare da ya buɗe ba. Safiyar nan da yake nema kuwa ba ta sake dawowa ba.

Da shekara ta zagayo, ya share ɗaki, ya shimfiɗa tabarmi uku, ya jera hotunan bi da bi, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Ko wanne ka ɗauka shi kaɗai, ba wani abin kallo ba ne. Amma ga su a jere, sai ya ga kogin yana tafiya a cikin ɗakinsa. Ruwa ya janye kaɗan-kaɗan, yashi ya fito fari fat, gonakin albasa suka yi kore a inda kifi ke iyo a da, sawun shanu ya ratsa, sannan ruwan ya taso ya haɗiye komai har gindin giginyu. Ya ga ta tsakiyar tana karkata layi bayan layi, har ya zo hoton da suka rage biyu. Ranar da ta faɗi yana nan, amma bai taɓa lura da karkatarta ba, domin idonsa na can yana jiran wata rana dabam. Ya zauna a dokin ƙofa har aka kira la'asar. Ya so a ce akwai wanda zai kira ya zo ya gani, bai samu ba. Duk da haka, washegari tun gari bai gama wayewa ba ya riga ya fita, da waɗansu duwatsu uku a aljihu, domin akwai wani kwari a bayan gari da ya daɗe yana wucewa bai tsaya ba.

To kai da kake cewa hannunka ya mutu don aikin yau bai kai abin da ke ranka ba, ajiye na yau ɗin, gobe ka ɗora wani a kai. Masu iya magana sun ce, da yayyafi kogi kan cika.